Ƙayyadadden Aji ko Sakakken Tsari: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rabon Aiki a Wasannin Intanet na Taron Jama'a

Matasan Kano sun daɗe da sabawa da ƙwallon PlayStation a gidajen gem da kuma wasannin harbi na waya, amma yanzu ana samun waɗanda suka karkata zuwa wasannin da ake kira MMORPG, inda dubban mutane ke shiga duniya guda ta intanet, kowa yana rainon gwarzonsa tsawon watanni ko shekaru. Muhawarar da ta fi tashi tsakanin masu irin wannan wasa ita ce ta aji: shin ya fi kyau a ɗaure gwarzo a kan aiki ɗaya tun ranar da aka ƙirƙire shi, ko a sake shi ya zama abin da mai shi ya ga dama? An tattara tambayoyin da suka fi yawa a kan wannan batu a nan, tare da amsa gwargwadon abin da tarihin wasannin ya nuna.

Me ake nufi da aji, kuma ina bambancinsa da aiki?

Aji shi ne nau'in gwarzon da mutum ya zaɓa: mayaƙi mai takobi da sulke, ko maharbi mai baka, ko matsafi mai jifa da wuta da ƙanƙara, ko limami mai warkarwa. Aiki kuwa shi ne nauyin da ke wuyan gwarzon idan an haɗu ana yaƙi a tare. A ƙayyadadden tsari waɗannan biyun a ɗaure suke, domin wanda ya zaɓi aji ya zaɓi aikinsa ke nan, kuma idan ya gaji da shi sai dai ya ƙirƙiri wani gwarzon ya fara daga mataki na ɗaya. A sakakken tsari an raba su, ko ma an cire ajin ɗungurungum, aka bar makami da sutura da gwanintar da mutum ya tara su nuna abin da zai yi a kowace rana.

Daga ina wannan rabon ya samo asali?

Ya girmi wasannin intanet. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da ƙwayoyin ludo masu fuskoki da yawa, kuma aji uku ya zo da su: mayaƙi, da matsafi, da limami. An ƙara ajin ɓarawo a shekarar da ta biyo baya. Daga nan wasannin kwamfuta na rubutu suka ɗauki tsarin, har ya iso EverQuest a 1999, wanda shi ne ya kafa al'adar cewa ƙungiya ba ta tafiya sai da mai tare duka, da mai magani, da mai hana dodanni yin taron dangi. Da World of Warcraft na kamfanin Blizzard ya fito a 2004 da aji tara, sai ya daidaita rabon zuwa sassa ukun da aka fi sani a yau, wato tanki (mai tare duka), da mai magani, da masu farmaki, kuma farin jinin da ya samu ya sa wasannin da suka biyo bayansa da yawa suka bi sawunsa.

Me kowane ɗaya daga cikin ukun yake yi idan yaƙi ya kaure?

A ɗauki ƙungiyar mutum biyar a World of Warcraft, tanki ɗaya, mai magani ɗaya, masu farmaki uku, sun shiga kogo sun iso gaban babban dodo. Tanki ne ke fara shiga, ya jawo fushin dodon kansa, sannan ya zagaya da shi har ya juya wa sauran baya, domin idan dodon ya fesa wuta ta gaba kada ta taɓa kowa sai shi. Kwamfuta tana riƙe da lissafin wanda ya fi ɓata wa dodon rai, kuma kowane sara da kowace warkarwa suna ƙara wa mai su maki a wannan lissafi. Muddin wani mai farmaki ya yi gaggawa ya zarce tanki, dodon zai bar tanki ya nufo shi, kuma shi ba shi da sulken da zai jure ko da bugu biyu. Mai magani yana tsaye daga baya, idonsa ba a kan dodon yake ba, yana kan sandunan rai guda biyar da ke gefen allo, yana kuma auna abin da ya rage masa na ƙarfin tsafi, domin idan ya ɓarnatar da shi a kan ƙananan raunuka ba zai sami na ceton tanki ba a lokacin babban duka. Masu farmaki kuma suna tsere da lokaci ne, saboda dodanni da yawa an tsara su su haukace bayan wasu mintuna, su shafe kowa.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa masu ƙera wasa suke son rabon. Yana ba su damar shirya yaƙi mai wuya wanda mutum ɗaya ba zai iya ba, kuma kowa ya san inda aka gaza idan an sha kashi.

To mene ne amfanin a ɗaure mutum a kan aji ɗaya?

Babban amfaninsa shi ne suna da buƙata. Tsofaffin unguwannin birni sun san sana'ar gado: marina a Ƙofar Mata, maƙera da majema da wanzamai kowa da gidansu, kuma mai neman aiki ya san ƙofar da zai yi sallama, shi ma mai sana'ar ya san ba za a yi babu shi ba. Haka ƙayyadadden aji yake yi wa ɗan wasa. Wanda ya shekara yana riƙe da limami ɗaya a saba ɗaya, wato babbar kwamfutar kamfani da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta, mutane suna saninsa da hannunsa, suna nemansa da sunansa, kuma idan bai hau ba a daren da aka shirya hari sai an ji rashinsa. A ganina wannan jin cewa ana buƙatarka shi ne abin da ya fi riƙe mutane a irin waɗannan wasanni, fiye da kyawun zane ko yawan makamai, kuma lokacin da Blizzard ya dawo da tsohon salon wasansa da sunan World of Warcraft Classic a 2019, tururuwar da aka yi ta nuna cewa akwai masu kewar wannan tsauri da gaske.

Akwai kuma amfani na biyu, wato sauƙin koyo. Sabon shiga da aka miƙa masa aji ɗaya da dabaru kaɗan da ke ƙaruwa sannu a hankali ba ya ruɗewa, kuma da wuya ya lalata gwarzonsa da zaɓin da bai fahimta ba.

Idan haka ne, me ya sa ake yawan kuka da shi?

Saboda jira, da kuma tilas. Yawancin mutane farmaki suke so, ƙalilan ne ke son nauyin tanki ko na magani, domin su ake fara zargi idan ƙungiya ta faɗi. Sakamakon haka mai farmaki kan daɗe a layi yana jiran a haɗa masa ƙungiya, shi kuwa tanki yana danna maɓalli ake kiransa. Matsalar ta kai Blizzard, bayan ya kawo na'urar haɗa ƙungiya a ƙarshen 2009, sai da ya fara ba da ƙarin lada a 2011 ga duk wanda ya yarda ya shiga da aikin da ake ƙarancinsa, kuma Final Fantasy XIV ma yana yin irin haka.

Tilas ɗin kuwa ta fi ciwo. A farkon World of Warcraft, lokacin da manyan hare-hare ke ɗaukar mutum 40, akwai azuzuwa irin su Druid da Paladin da Shaman waɗanda a takarda an ce suna iya aiki fiye da ɗaya, amma a aikace ƙungiyoyi ba sa karɓarsu sai a matsayin masu magani, tanki kuma kusan koyaushe ajin Warrior ne. Mutum ya kai mataki na 60 yana sara da guduma, ranar da ya isa babban fage sai a ce masa ya koma baya ya riƙa warkarwa ko ya nemi wata ƙungiya. Sake rarraba gwaninta kuma da kuɗin wasa ake yi, farashin yana hawa duk lokacin da aka sake har ya kai zinare 50, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Wannan ba adalci ba ne ga wanda ya zuba watanni a kan gwarzo, kuma kamfanin da kansa ya amince da haka a aikace lokacin da ya ba 'yan wasa damar riƙe tsari biyu a gwarzo ɗaya suna sauyawa a 2009.

Waɗanne wasanni ne suka saki ɗan wasa gaba ɗaya?

Sakakken tsari ma tsoho ne. Ultima Online, wanda ya fito a 1997, ba shi da aji ko ɗaya: gwaninta tana ƙaruwa ne da yawan aikata abu, a farkonsa kowace tana kaiwa maki 100, jimillar abin da gwarzo zai riƙe kuma 700 ne, don haka mutum ya zaɓi fannoni bakwai da zai ƙware a kansu, idan kuma yana son sabo sai ya bar wani ya ragu. RuneScape na kamfanin Jagex da ke Ingila, daga 2001, ya bar gwarzo ɗaya ya koyi komai har mataki na 99, daga sara da harbi da tsafi zuwa kamun kifi da haƙar ma'adinai da girki, kuma abin da ke riƙe daidaito a faɗa shi ne cewa takobi yana rinjayar baka, baka yana rinjayar tsafi, tsafi kuma yana rinjayar mai sulken ƙarfe. A EVE Online na kamfanin CCP, daga 2003, jirgin sararin samaniyar da mutum ya hau shi ne aikinsa. Albion Online, wanda kamfanin Sandbox Interactive na birnin Balin ya fitar a 2017, ya gina komai a kan abin da gwarzo ya sa: ya ɗauki sandar warkarwa ya zama mai magani, ya ajiye ta ya ɗauki guduma da sulke mai nauyi ya zama tanki.

Shin cire aji yana kawar da rabon aiki?

Ba ya kawar da shi, kuma wannan shi ne abin da masu muhawarar suka fi mantawa. Misali mafi bayyana shi ne Guild Wars 2 na kamfanin ArenaNet. Ya fito a 2012 da alƙawarin cewa babu mai jiran tanki ko mai magani, domin an ba kowane gwarzo dabarar warkar da kansa da ta kauce wa duka. Jira ya ragu ƙwarai, amma abin da ya biyo baya shi ne 'yan wasa suka gano cewa hanya mafi sauri ita ce kowa ya sa kayan farmaki zalla, a cure a lungu ɗaya a kashe dodo kafin ya yi wani abu, har ya zama mai son wasa da salon kariya ko na taimako ba a maraba da shi. An gudu daga tilascin aiki uku aka faɗa tilascin aiki ɗaya. A 2015 kamfanin ya kawo hare-haren mutum 10 tare da wani reshe na ajin maharbi da aka yi domin warkarwa, kuma daga nan ƙungiyoyi suka koma neman mai magani da mai riƙe dodo.

A Albion Online ma haka abin yake. Ko da yake babu aji, jagoran ƙungiya kan rubuta jerin makaman da yake buƙata kafin a fita babban yaƙi, tankoki kaza, masu magani kaza, masu farmaki kaza, kuma wanda ya zo da makamin da ba ya cikin jerin ana mayar da shi ya sauya. A EVE Online akwai jiragen gyara da ke bin rundunar suna ɗinke ɓarna, akwai ƙananan jirage masu riƙe abokin gaba kada ya tsere. Duk inda yaƙi ya yi wuyar da sai an haɗa hannu, mutane da kansu suke raba aiki. Abin da sakakken tsari ya sauya shi ne tsawon ɗaurin: maimakon mutum ya zama mai magani har iya rayuwar gwarzonsa, sai ya zama mai magani na daren yau.

Kamfani zai iya sauya tsarin wasansa daga wannan zuwa wancan?

Zai iya, amma da haɗari, musamman idan zai ƙwace 'yancin da ya riga ya bayar. Star Wars Galaxies ya fito a 2003 da sana'o'i fiye da 30 da ake gaurayawa, har da masu rawa da makaɗa da likitoci da maƙeran makamai waɗanda ba sa yaƙi ko kaɗan. A watan Nuwamba na 2005 aka rushe tsarin aka mayar da shi aji tara, 'yan wasa da yawa suka yi fushi suka watse, aka kuma rufe wasan a ƙarshen 2011. Sassautawa a hankali, irin wadda World of Warcraft ya yi ta yi tsawon shekaru, ta fi samun karɓuwa.

Akwai hanyar tsakiya?

Akwai, kuma ita nake ganin ta fi dacewa. Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix da ke Japan, wanda aka sake gina shi a 2013 ƙarƙashin jagorancin Naoki Yoshida, ya bar gwarzo ɗaya ya koyi dukkan azuzuwa, yana sauyawa daga wannan zuwa wancan ta hanyar sauya makami kawai. Amma da zarar an shiga kogo an rufe ƙofar sauyi: ƙungiyar mutum huɗu tanki ɗaya ce da mai magani ɗaya da masu farmaki biyu, ta mutum takwas kuma ninkin haka. Ke nan sassaucin yana wajen yaƙi, tsaurin yana cikinsa. Mutum bai rasa sunansa da abokansa da gidansa na cikin wasa don ya gaji da aiki ɗaya ba, kuma masu shirya yaƙin sun san ainihin abin da ƙungiya za ta zo da shi. Abin da ake iya zargin tsarin da shi shi ne cewa azuzuwan da ke aiki ɗaya sukan yi kama da juna, tunda dole kowane tanki ya iya abin da ɗan'uwansa ya iya. The Elder Scrolls Online, daga 2014, ya bi wata hanyar: aji yana nan, amma kowane aji yana iya ɗaukar kowane makami da kowane sulke.

Wanne ya fi dacewa da mai wasa daga Kano?

A nan yanayinmu yana da ta cewa. Abu na farko shi ne wuta da sabis. A ƙayyadadden tsari ƙungiya gaba ɗaya tana rataye ne a wuyan mutum biyu, kuma idan aka ɗauke wuta a unguwar mai magani ana tsakiyar yaƙi, ko sabis ya yanke masa, gwarzonsa zai tsaya cak a inda yake, sandar ran tanki ta yi ta raguwa ba mai cikawa, cikin daƙiƙu kaɗan kowa ya kwanta. Faɗuwar mai farmaki ɗaya ba ta kai wannan ɓarna ba. Saboda haka wanda yake wasa da kwamfutar tebur ba tare da inbata ko sola ba ya kamata ya yi tunani kafin ya karɓi tanki ko magani a babban hari, mai laftof ko waya mai cikakken caji da data ta ajiya kuma ya fi cancanta da wannan nauyi.

Abu na biyu shi ne nisan saba. Sabobin waɗannan wasanni yawanci a Turai da Amurka da Asiya suke, don haka akwai ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da faruwar abu, kuma sabar Turai ce ta fi kusa da mu. Albion Online ya buɗe tasa a 2024. Wasannin da ke tafiya da natsuwa sun fi haƙuri da wannan jinkiri. Old School RuneScape, wato tsohon salon RuneScape da aka dawo da shi, yana lissafa komai ne duk bayan daƙiƙa 0.6, manyan dabarun Final Fantasy XIV kuma suna da tazarar kusan daƙiƙa 2.5 a tsakaninsu, yayin da wasan da ya dogara ga kauce wa duka a ƙiftawar ido yake hukunta mai nisa.

Abu na uku shi ne yawanmu. Masu wannan wasa a gari ba su kai masu ƙwallo yawa ba, kuma abokai huɗu ko biyar da suka haɗa ƙungiya, wani a Gyaɗi-Gyaɗi, wani a Rijiyar Lemo, wani a Sabon Gari, ba koyaushe za su hau a tare ba, ga makaranta ga kasuwa ga hidimar gida. Idan tankinsu ɗaya ne tak kuma ajinsa a ɗaure yake, ranar da ya makara a shago wasa ya tashi. Idan tsarin sakakke ne, ƙaramin cikinsu zai iya cewa, "Yaya, bari in riƙe garkuwar yau, kai ka koma magani tunda wayarka ta fi caji," a sauya kaya a wuce. Wannan kaɗai ya isa ya sa ƙaramar ƙungiya ta fifita wasan da ke barin gwarzo ɗaya ya yi aiki fiye da ɗaya.

Maganar kuɗi da na'ura fa?

World of Warcraft kwamfuta yake buƙata da kuɗin wata. Final Fantasy XIV yana kan kwamfuta da PlayStation da Xbox, yana da gwaji na kyauta mai tsawo kafin a fara biya. Old School RuneScape ya hau waya a 2018, Albion Online kuma a 2021, kuma dukansu ana iya fara su ba tare da biya ba, wanda hakan ya sa mai wayar da ya saya a kasuwar waya ta Farm Centre ya fi kusa da sakakken tsari tun daga farko. Sai dai a kula cewa a wasu yankunan Albion Online wanda aka kashe yana rasa duk abin da ke jikinsa, don haka riƙe kayan aiki iri uku yana cin dukiyar cikin wasa.

Sabon shiga ya fara da wane aiki?

Ya fara da farmaki har sai ya gane yadda dodanni ke motsi da inda ake tsayawa, domin kuskurensa a nan yawanci ba ya kashe kowa sai shi. Amma kada ya daɗe a wurin. Da zarar ya san kogo biyu ko uku da kyau, ya gwada magani ko tanki a cikin waɗannan kogunan da ya riga ya sani, tare da abokan da ba za su yi masa tsawa ba, kuma ya faɗa wa baƙin da aka haɗa shi da su tun a ƙofar shiga cewa sabo ne a wannan aiki, domin yawancinsu sukan rage gudu idan an sanar da su. Ko a wasan da babu aji, ya fi masa alheri ya zaɓi makami ɗaya ya kai shi nesa kafin ya taɓa na biyu, saboda a Albion Online ƙwarewa tana taruwa ne a kan kowane makami daban, a Final Fantasy XIV ma kowane aji matakinsa daban yake hawa, kuma ƙungiyar da ke shirin babban hari tana tambayar matakin makamin da mutum zai shiga da shi ne, ba yawan waɗanda ya taɓa riƙewa ba.